Yadda Na Kafe Autana a Benci

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi jawabi a taron ƙungiyar ƙwallon kwando ta garinmu, ni da ko a gidan suna sai an ce in ɗaga murya.

Autana Sagiru yana cikin ƙungiyar. Kullum ya dawo da yamma sai ya tashi da tuwo malmala uku, yana cewa, "Inna, yau ba don ni ba da an lallasa mu." Ni kuwa ban taɓa leƙa filin ba, sai dai in ƙara masa miya.

Sai labari ya zo cewa wata ƙungiya a Kano tana son gwanayenmu biyu, ta ba mu yara uku masu tasowa, da riguna da ƙwallaye. Shugabanni suka kasa daidaitawa, suka kira iyaye. Na shiga lissafi a raina. Gwanaye biyu? Ai Sagiru ne na farko! Ga gero ya nuna, ga babansa da ciwon gwiwa, wa zai yi girbi? Kuma yaron da ko shayi bai iya dafawa ba, shi ne zai zauna a birni?

Ban tambaye shi komai ba. Na ɗauko littafina na ajin yaƙi da jahilci, na yi kwana uku ina rubuta jawabi ina gogewa. (Har awaki na karanta wa, sun kuma saurara.)

Ranar taro, a gindin darbejiyar firamare, shugaban ƙungiya Alhaji Sule ya ce a yi musayar, don yara uku sun fi biyu. Na miƙe, na buɗe littafina.

"Alhaji, a gafarce ni. Manomin kirki ba ya ba da shanun huɗarsa a karɓo masa maruƙa. Mu muka yi renonsu, yanzu da suka fara ja sai a kai su gonar wani?"

Wuri ya ɗauki tafi. Aka ɗaga hannu, aka soke musaya. Kaina ya kumbura, na juya wajen mai horar da su, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Malam Habu, ka ga na riƙe maka Sagiru!"

Bawan Allah ya sosa ƙeya. "Inna, ai Nura da Bashir ake nema. Sagiru dai... yana ƙoƙari. Da sun tafi ne ma zai fara shiga fili."

Maƙwabciyata Ladi ta ce, "Kai, amma Auta ya iya tafa musu daga kan benci, wallahi!" Dariya ta ɓarke har da Alhaji. Na ja mayafi na rufe fuska, na ce ƙasa ta tsage, ta ƙi.

A gida Sagiru ya ce, "Inna, shekara biyu ina jira bencin nan ya sake ni, kin zo kin buga min ƙusa."

"To wa ya ce ba don shi ba da an lallasa ku?"

"Ai ihuna ne yake ruɗa abokan gaba."

Gero dai ya shiga rumbu, shi ya girbe shi yana ƙunƙuni. Ni kuma na koyi cewa kafin uwa ta kare gwaninta, ta fara zuwa ta ga ko yana tsaye ko yana zaune. Yanzu duk wasa ina bakin fili da tabarmata. Tuwo kuwa ya koma malmala biyu, ta ukun tana jiran ranar da zai jefa ƙwallo a kwando a kan idona.