Tsirkiya Huɗu a Shagon Mama Rifkatu

Wani mutum ne a Tudun Wadar Zariya, bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. In ana hirar jirgi, ya taɓa tuƙawa. In ana hirar kifi, a bakin teku aka yanke masa cibiya. To, kada in ja ku da nisa, mutumin nan ni ne, Tanimu. Gara ku ji daga bakina, don in wasu suka ba ku labarin sai sun ƙara gishiri, alhali miyar ta riga ta ji.

Wata shida na taɓa yi a Legas ina gadin wani ɗakin biki. Daga bakin ƙofa nake jiyo kiɗa, dum-dum-dum, har cikin ƙirji. Da na dawo gida, wata shida ya zama shekara shida, gadi ya zama kiɗan jita. Ba kowace jita ba, bes, mai ƙatuwar muryar nan da ke sa dattijo kaɗa kai bai sani ba.

"Ni fa in na riƙe bes," nakan ce a teburin mai shayi, "har kofuna sai sun taka rawa."

Ba wanda ya taɓa cewa in gwada. Kasuwata na ci.

Rannan da hantsi sai ga Barau Mai Fiyano, shugaban makaɗan bikin unguwarmu. Mai kaɗa musu bes ya samu aiki a Abuja, ya tafi da jitarsa. Ga shi ran Asabar suna da bikin 'yar wani babban ɗan kasuwa, irin bikin da in kun burge, kun samu aikin shekara.

"Tanimu, Allah ne ya ajiye mana kai," in ji Barau. "Mun yi karo-karo, dubu casa'in muka iya haɗawa, ko sisi babu a kai. Ka raka ni Sabon Gari ka zaɓo mana mai sauƙin kuɗi. Kai za ka kaɗa mana."

Na so in ce a'a. Amma bakina, wannan babban maƙiyin nawa, sai na ji ya ce, "Dubu casa'in? Har canji sai ka dawo da shi."

Na ce a raina, kwana biyar ne, na koya a waya. Jita ai ba karatun likita ba ce. A cikin Keke Napep na faki idon Barau na nemo hoton jita a waya, ban ko duba ko bes ce ba, na ƙare mata kallo, na ƙirga tsirkiyoyinta. Shida cif. Na ce alhamdulillahi, an samu makamin ciniki.

Shagon da muka shiga ɗan ƙarami ne, jitoci rataye a bango kamar riguna a gwanjo. Mai shagon wata tsohuwa ce, Mama Rifkatu, da tabarau a karan hanci, tana ɓare gyaɗa a faranti. Da na gan ta sai hankalina ya kwanta. Na raɗa wa Barau, "Wannan ai ɓagas. Kai dai ka yi shiru ka sha kallo."

Ta ji abin da ke aljihunmu, ta sauko da guda biyu. Ɗaya sabuwa, ja, sai ƙyalli take kamar motar amarya. Ɗaya ta hannu, baƙa, duk jikinta ƙarzuna.

Na ture baƙar gefe. Na ɗauki jar, na ƙwanƙwasa bayanta kamar mai zaɓen kankana. Ƙwas, ƙwas. Na kara kunne. Na ja tsirkiya ɗaya. Ta ce ɗis.

"Wannan mura take yi," na ce. "Ba ta da murya."

"Ai ba a jona ta da wuta ba, ɗana," in ji Mama.

"Na sani. Gwada ki nake."

Sannan na ƙirga tsirkiyoyin. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na sake ƙirgawa. Huɗu! Daɗi ya kama ni, na miƙe tsaye ina gyara wuyan riga.

"Mama, ki ji tsoron Allah! Da girmanki? Ina sauran biyun?"

"Biyun me?"

"Tsirkiya! Shida ake yi, kin cire biyu za ki sayar daban. Kin ga, ita ma baƙar huɗu. To wallahi sai an rage mana kuɗin biyun nan!"

Barau ya sosa ƙeya. "Tanimu, ai ta yaronmu da ya tafi Abuja ma huɗu ce."

"Shi ma cutarsa aka yi!"

Mama Rifkatu ta ajiye farantin gyaɗa a hankali. Ta dube ni ta saman tabarau. "Ɗana, a ina ka yi kiɗa?"

"Legas. Shekara shida."

"Madalla. To bari in jona maka, mu ma mu ji irin na Legas."

Ta rataya mini jar a wuya. Ta tsaya, ta cire, ta juya ta, don ashe a kife na karɓa. Ta soka wayar jitar a wata lasifika mai girman buhun masara. Ni kuwa gumi har cikin takalmi. Na ce in an rasa mafita, a yi ta maza. Na ɗaga hannu sama, na rafka wa tsirkiyoyin huɗu mari gaba ɗaya.

BUUUM!

Kwanon rufi ya amsa. Gyaɗa ta watse. Wani akuya a ƙofar shago ya tsinke igiya. Ni ban san lokacin da na kai ƙasa ba, hannu biyu a ka, ina ihu, "Taransifoma ta fashe! Ku kashe wuta!" Allah ya sa Barau ya cafe jitar kafin ta bi ni.

Kafin in ɗago, masu shagunan layin sun cika ƙofa.

Mama ba ta yi dariya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ta ɗauki baƙar da na raina, ta ɗaga ta saitin ido, ta nuna wa Barau. "Ka ga wuyanta a miƙe yake, bai lanƙwashe ba. Jar kyau ne kawai, in ka jona ta sai ta yi ta zuuu kamar sauro. Mai ƙaramin kuɗi ba ya sayen fenti. Wannan dubu tamanin, har da waya da jaka."

Sai ta rataya ta. Jama'a, yatsu biyu kawai tsohuwar nan ta sa. Dum, du-dum, dum-dum. Mai gyaran rediyo ya fara kaɗa kafaɗa. Mai sayar da lemo ta ajiye tire. Ni kaina, ina zaune a ƙasa cikin ɓawon gyaɗa, na kama ƙafata tana bin kiɗan, munafuka.

"Shekara talatin ina kaɗa wa mawaƙan cocinmu," ta ce. "Huɗun nan ma ban gama saninsu ba."

Barau ya biya kuɗi nan take. Ko kallona bai yi ba. Ya rusuna ya ce, "Mama, don Allah, ran Asabar kina da wani uzuri?"

Ta ɗan yi tunani. "Zan zo. Sai dai bayana ya tsufa, ba na iya ɗaukar lasifika." Ta nuna ni da haɓa. "Ku ba ni wannan. Amma a gaya masa tun yanzu, lasifikar ƙafarta huɗu ce, kada ya ce na sace biyu."