Barau da Hujin Sama

Talata ce. Rana ƙwal, ko iska babu.

Wani mutum ne a garinmu, Barau. In ya buɗe baki, ya taɓa jan tirela har Agadas da taya uku. Ya taɓa juya tankar mai a kan gada da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da tsire. Mu dai abin da muka gani da ido, tsohuwar a-kori-kura gare shi, mai madubi ɗaya, shi ma sama yake kallo.

Kankanata ta nuna. Wata uku ina ban ruwa da wannan tsohon bayan nawa. Dillali ya aiko cewa in kai ta kasuwa kafin azahar, motar Kudu ba ta jira. Na aro 'yar tirela a ƙungiyar manoma. Barau ya ce shi zai ja.

Motarsa ba ta da abin ja, sai muka biya wajen Sabo mai walda. Sabo ya fito da ƙarfe mai huji shida a jere, daga sama zuwa ƙasa. Inda ka sa ƙusa, nan hancin tirela zai zauna. Ya ɗauko wasu sandunan ƙarfe biyu masu sarƙa, ya ce su ke raba nauyi tsakanin mota da tirela. Sannan ya durƙusa da igiyar awo.

Ya ce, "Tirela sai ta kwanta shimfiɗe kamar tabarma. Motarka doguwar ƙafa ce. Huji na biyu daga ƙasa."

Barau ya ce, "Ƙasa? Ni? Sabo, ina jan tirela kana rarrafe. Sa a na sama."

"Hancinta zai ɗaga. Kaya su koma baya."

"Raƙumi ma da kai sama yake tafiya. Ka taɓa ganin ya zubar da kaya?"

"To sandunan fa?"

"Ba wa Baba Jatau ya dogara da su. Shi ne tsoho."

Sabo ya dube ni, ni Baba Jatau. Na ce, "Barau, ji maganar mai sana'a."

Ya ce, "Baba, kai ƙasa ka sani. Titi nawa ne."

Na ƙyale shi. Laifina ke nan.

Muka loda kankana fam, muka rufe da tampol, aka ɗaure ƙofar baya da igiya. Tirela ta tsaya hanci sama kamar akuya mai cin ganyen magarya. Na shiga gaba.

Muna hawa kwalta ta fara rawa. Dama, hagu, dama, sai ka ce an buga mata kalangu. Barau ya ce murna take yi, ta samu direba. Da muka kai hawan Tudun Faru, muka faɗa rami. Na ji ɓam a baya.

Na ce, "Mene ne?"

"Ƙarfe ne ke gyara zama."

Can na ji tim. Tim. Fash.

"Wannan fa?"

Ya murɗa rediyo har ƙarshe.

Ba a jima ba mota ta fara sauƙi. Barau ya daki sitiyari. "Ka ji, Baba? Ka ji ta saki jiki? Wannan shi ne raba nauyi. Sabo sai dai ya ji a labari."

Kowane ƙauye muka ratsa, mutane na fitowa da gudu, suna ɗaga hannu. Mata har da kwanduna. Barau yana ɗaga musu, yana danna hon irin na manya. "Sun san ni a hanyar nan." Wani mai babur ya biyo mu yana kira. Barau ya ce, "Tsere yake so." Ya ƙara wuta.

Mun shiga kasuwa da sauran lokaci. Barau ya sauko, ya karkata hula, ya tara 'yan dako.

"Lodi fam, amma ko a jikin motata. Kamar auduga nake ja. Sirrin yana wajen huji. Ba kowa ya sani ba."

Dillali ya ɗaga tampol. Ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa. Ƙofar baya na lilo, igiya ta tsinke. Kankana ɗaya ce, ta maƙale cikin safayar taya.

Ya ce, "Baba Jatau, ɗanɗano ka kawo?"

Na juya. Barau nake kallo. Shi kuma yana leƙa ƙarƙashin tirela, ko sun ɓuya.

Sai ga mai babur ya iso, gabansa jage-jage da ruwan kankana. Ya cire hula.

"Ina direban? Mai garin Tudun Faru ya ce a yi godiya, sadaka ta isa kowane gida. Amma ya ce don Allah gaba a rage gudu. Rabinsu fashewa suke."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Har mai rake ya zauna a ƙasa.

A hanyar dawowa magana ɗaya na yi. Na ce, "Shuka ta gaba, wata uku. Kai ne mai ban ruwa." Bai kunna rediyo ba.

Washegari da sassafe, Sabo ya zo buɗe shago ya tarar da Barau durƙushe bayan mota, igiyar awo a hannu, ƙusa a hujin can ƙasa. Ko kai bai ɗaga ba.

Ya ce, "Sabo, babu wani hujin ƙasa da wannan?"