Rasuwar Mai Tari, Kwamfutar da Ta Riƙe Rijiyoyin Baba

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma haushin da na yi na yi in haɗiye ya ƙi wucewa, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da duk wanda na taɓa buga wa takarda rasuwar kwamfutata, wadda gidanmu ya fi sani da Mai Tari. Ta rasu bayan shekara goma sha shida a hannuna, ban da waɗanda ta yi a ofishin da na sayo ta. Ta yi jinyar yini biyu a gida, aka kai ta shagon gyara, daga nan ba ta sake shigowa ɗakina ba. Idan akwai wanda ya gan ta jiya ko shekaranjiya tana aiki garau a bayan kantar wani shago, kada ya wahalar da ƙafarsa ya zo ya gaya mini. Na sani, kuma zan zo kan wannan.

Marigayiyar ƙatuwa ce, fara sol a ƙuruciyarta, daga baya ta koma launin haƙorin tsoho. Ba ta da sauri, ba ta kuma taɓa yin ƙaryar tana da shi ba. Kowace safiya in na danna mata maɓalli sai ta yi gyaran murya, ƙyar-ƙyar-ƙyar, ta ja dogon numfashi, huuu, sannan ta ce tit, sau ɗaya tak. Tsakanin tarin da tit ɗin nan nakan share ɗaki in ɗora ruwan zafi. An sha gaya mini fankar cikinta ce ke gogar wani abu, a kawo a gyara, ni kuwa na ce a bar mata muryarta. Ta buga takardun neman aiki, wasiƙun koke, jarrabawar makarantu da katunan gayyata ba adadi. Ta san sirrin rabin unguwa, ba ta taɓa fitar da ko ɗaya ba. Intanet ma ba ta taɓa shiga ba, shi ya sa har ta bar mu ba ta koyi gulma ba.

Amma babban aikin rayuwarta shi ne littafin Baba. Mahaifinmu mai haƙa rijiya ne. Shekara arba'in da wani abu ya yi yana shiga cikin ƙasa da igiya a ƙugu, ya haƙa rijiya saba'in da uku, kuma har bara waccan yana iya jero su ɗaya bayan ɗaya ba tuntuɓe. Ranar da ya nemi sunan wani tsohon abokinsa ya rasa, sai ya ja kujerar roba ya zauna kusa da teburina. Ya ce, "Ke, tayar da mai tarin nan taki, in zuba miki rijiyoyina kafin su ƙafe mini a ka."

Shekara biyu muka yi a haka, kullum da hantsi. Kowace rijiya da babinta: wanda ya sa a haƙa, gaba nawa aka yi kafin a ga danshi, inda aka ci karo da dutse, ranar da gefe ya rufto, wanda ya riƙe igiya. Mun kai rijiya ta sittin da takwas, shafi ɗari biyu da sha biyu. Baba ya hana a fitar da ko shafi ɗaya a takarda sai an kai ta ƙarshe, wai shi ba a taɓa ganin aikinsa rabi ba. Filash kuwa na saya tun bara don in kwafe littafin, yana nan cikin ledarsa a jakata, ko farke shi ban yi ba. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Ga yadda ciwon ajalin ya faro. Ƙafafun Baba sun yi nauyi, ɗakin aikina kuma shi ne kusa da banɗaki, sai muka yanke shawarar a mayar da gadonsa can, teburina ya koma falo. Na kashe Mai Tari yadda ake kashe ta, na kashe wutar bango, na zare wayoyinta ɗaya bayan ɗaya: na firinta, na sifika, na allo, na linzamin da ke yawo da kibiya a allo, na kibod. Waɗannan biyun na ƙarshe kawunansu zagayayyu ne iri ɗaya. A da ɗaya kore ne ɗaya shunayya, amma ranar da ke shigowa ta taga ta cinye launin, duk sun koma toka-toka. Da aka jingina teburin da bangon falo sai na zura hannu ta baya, na lalubi ramukan biyu, na soka kowanne inda ya shiga.

Na danna maɓalli. Ta yi tarinta, ta ja numfashinta, sai na ji tit-tit, sau biyu. Allo ya tsaya baƙi ƙirin da wani farin rubutu da Turanci, wai ba ta ga kibod ba, in danna wani maɓalli a jikin kibod don a ci gaba. Jama'a, ku duba mini wannan rainin hankali. Kibod ɗin da ya shekara goma sha shida a gabanta, wanda yatsuna suka goge masa haruffa, shi ne yau ba ta sani ba.

Masu duba marar lafiya sun zo, kowa da maganinsa. Maigidana ya ce a ɗan mare ta a gefe, haka yake yi wa rediyonsa. Mai shagon magani ya ce ƙura ce, muka hura har na yi ta atishawa. Telar da ke maƙwabtaka da mu, mace mai hankali, ta ce in zare komai, in riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ina tayar da ita kowane karo, har in gane mai laifin. Shawara ce ta gari, Allah ya saka mata. Sau biyar na yi. Sai dai kafin in fara, don kada in rikice, na karɓi jan zare a wurinta na ɗaura a wayar kibod, na kuma manna ɗan tef a gefen ramin da na zare ta. Sau biyar ɗin nan, cikin natsuwa da kula, ina mayar da ita ramin da ba nata ba.

A rana ta biyu na kira ƙanena, wanda muke ce wa Injiniya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, a bayana ya yi wayo, yau shi ne da shagon gyaran waya da kwamfuta, da gemu, da 'ya'ya uku. Ya zo ya ɗauki akwatin kaɗai, ya ce in bar sauran tarkacen, ya ɗaure ta a bayan babur. Washegari da safe na buga masa waya na ce, "Don Allah ka lallaɓa ta, littafin Baba na ciki." Sai ya ce, "Wane littafi?" Ina zai sani? Shi gaisuwarsa daga bakin ƙofa yake yi, babur na kunne.

Kwana uku bayan haka ya shigo falo, ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa, abin da bai saba ba. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Cikinta ya ƙone ƙurmus, har rumbun da take ajiya. Zare wayoyin nan da kika yi ne, wuta ta koma ciki."

Mako bakwai na yi ɗauke da wannan magana. In na dubi hannuna sai in ji na tsane shi. Kullum da hantsi Baba zai jawo kujerarsa har falo ya ce, "Ina mai tarin? Saura biyar fa." In ce tana asibiti, Baba. Daga baya ya koma cewa saura kaɗan. Yanzu kujerar kawai yake ja, ya zauna, ya zuba wa teburin ido, ya rasa me ya kawo shi. Na yi kuka a banɗaki ba sau ɗaya ba, ina cewa ni na kashe wa mahaifina rijiyoyinsa da hannuna.

Marigayiyar ta bar allo ɗaya da ke kallon bango, firinta mai cin takarda biyu a lokaci guda, sifika biyu waɗanda ɗaya ta kurmance tun tuni, linzami, da kibod mai jan zare a wuya. Ta kuma bar tsoho ɗaya a kujerar roba.

To, ranar Talatar da ta wuce na je shagon Injiniya da sassafe, in gaya masa likita na son ganin Baba. Na same shi yana buɗe ƙofa. Muka gaisa, ya zaga bayan kanta, ya sunkuya ya danna wani abu ba tare da ya yi tunani ba, kamar yadda hannu ke yin abin da ya saba. Sai na ji ƙyar-ƙyar-ƙyar. Huuu. Tit.

Ko cikin kwamfuta dubu aka ɓoye ta zan gane wannan tarin. Na zaga bayan kantar kawai. Ga ta nan a ƙasa kusa da kwandon shara, an ɗora mata kofin shayi a ka, an jona mata sabon kibod, tana jiran masu zuwa a tura musu waƙoƙi da finafinai a waya.

Bai yi gardama ba, wannan kam na ba shi. Ya ce ranar da ya kai ta shago, yana soka mata kibod ɗinsa ta tashi, lafiyarta ƙalau. Sai ya ga tana jan ƙafa, ya yi mata abin da yake yi wa kowace kwamfuta da ta shigo hannunsa kafin ya tambayi mai ita: ya wanke ta tas, ya zuba mata sabon tsari. "Wallahi Yaya alheri na yi nufi," in ji shi. "Na so ki ga tana gudu." Da na kira shi washegari, aikin gama ya riga ya gama. Ya gwada dawo da abin da ya share, ya kasa, tsoro ya kama shi, ya zo ya zauna a ƙasan falona ya ce ni ce. Jefar da ita kuma ya gagare shi, tunda tana aiki. Har juya mini bayanta ya yi, ya nuna mini ramukan nan biyu, kowanne da ɗan zanensa ƙarami a gefe. Ya ce, "Da nan kika sa, shi ke nan."

Na je wurin wani mai gyaran daban na kwashe labarin na gaya masa. Ya ce da a ranar aka kawo masa ita, da akwai sa rai, don abin da aka share ba nan take yake ɓacewa ba. Amma mako bakwai ana loda mata finafinai a kai, yanzu ko harafi ba za a tono ba. Ashe ba zare waya ba ne ajalinta, ba ma wankin ba ne. Ƙaryar ce. Da ya buɗi baki a ranar ya ce Yaya na yi ɓarna, da na zage shi, da na yi fushin mako guda, da yau rijiyoyin Baba suna nan.

Ita ma Mai Tari ina da magana da ita, ko da yake ba a faɗin aibin mamaci. Shekara goma sha shida ina lulluɓe ta da zanen da na ɗinka mata, ina goge ta, ina kare ta in ana yi mata dariya. Na yi kuskuren rami ɗaya, ta ƙi ni ƙememe. Ta je hannun wanda ya kwashe mata komai, ta yi masa tit ɗin nan guda ɗaya, irin wanda take yi mini, ko kunya babu. An ci amanata, kuma su biyu suka ci.

Injiniya ya ce zai dawo mini da ita. Na ce ya riƙe. Abin da ke bayan kantarsa akwati ne mai tari, wadda na sani ta rasu, shi ya sa nake wannan sanarwa.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa ranar Asabar mai zuwa, daga ƙarfe goma na safe, a falon gidanmu. Za a naɗe kibod da linzami a zanen marigayiyar a ɗora saman kabad, da jan zaren da komai. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo abinci ko wata ɗawainiya. Na sayi manyan littattafan rubutu huɗu da biro kwali guda. Duk wanda Baba ya taɓa haƙa wa rijiya, ko ya riƙe masa igiya, ko ya taso yana shan ruwan da ya tono, ya zo da abin da ya tuna, ko da zurfinta ne kawai, ko wata magana da ya ji daga bakinsa. Baba zai kasance a kujerarsa. In kun yi kuskure, mai yiwuwa ya gyara muku, don har yanzu wani lokacin abin yakan motsa masa.

An keɓe wa Injiniya wuri a gaba, dab da ƙafafun Baba. Rijiya ta talatin da ɗaya ta Injiniya ce, ta ranar haihuwarsa. Baba na can ƙasa gaba goma sha ɗaya aka leƙo aka ƙwala masa kira cewa an haifa masa ɗa namiji. Shafi huɗu ya ba ni a kan wannan ranar, sau biyu yana tsayawa yana share ido da hularsa. Ni na buga, na kuma tuna wani abu daga ciki, amma ba zan faɗa ba. Zan miƙa wa Injiniya biro da littafi, ya tambayi mahaifinsa da bakinsa. In Baba ya tuna, Alhamdu lillahi. In kuma ya dube shi ya ce, "Wane ne wannan?", sai ya rubuta hakan, ya sa kwanan wata.