Fatalwar da Ta Miƙo Mini Ƙwallo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar da fatalwa ta miƙo mini ƙwallo da rana tsaka a Harra ta Gabas, filin duwatsun nan na gefen Madina.

A lokacin ina wata kwaleji a nan Madina, kuma ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando ta riƙe kofi shekara da shekaru, har mutane suka daina tambayar wa ya ci, sai dai da nawa aka ci. Yawancinmu jikokin alhazan da suka zo da ƙafa suka zauna ne, dogaye kamar dabino. Muna da wata al'ada da muka gada: kafin wasan ƙarshe, kyaftin zai je tsohon filin da ƙungiyar ta fara, kusa da wani kangon gida a cikin baƙaƙen duwatsu, shi kaɗai, ya yi ta jefa ƙwallo a tsohon kwandon har sai ta shiga. (Malamanmu sun ce camfi ne. Amma kullum sai sun tambaya, "Ta shiga?")

A shekarar nan, bayan tashin hankalin da aka yi a Makka, gari ya yi tsit. Sojoji a bakin hanyoyi, ana ɗaukar ɗalibai a yi musu tambayoyi, kowa ya rage gemu da murya. Kyaftin ɗinmu Usman ya taɓa zaman karatun tajwidi da wasu da ake zargi, wata safiya kuwa aka neme shi aka rasa. Aka ce ya mutu. Mahaifiyarsa, Inna Hauwa, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba.

Da yake na fi kowa cika baki cewa ba na tsoron komai, ni aka tura a madadinsa.

Na isa bayan azahar, lokacin da ko kyanwa ba ta yawo. Duwatsun nan sai huci suke yi, ban da bugun zuciyata ba na jin komai. Na jefa ƙwallo, ta daki ƙarfe, ta gangara ta shige ƙofar kangon. Kafin in ɗaga ƙafa sai ga ta ta fito daga cikin duhu, a sama, daidai ƙirjina, yadda ɗan wasa ke miƙa wa ɗan'uwansa.

Na ce wa kaina iska ce. (Babu iskar da za ta motsa gashin kaza.) Na sake jefawa, ta sake kuskurewa, ta sake shigewa, ta sake dawowa. Sai wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ya shekh, matse gwiwar hannunka."

Duk duniya mutum ɗaya ne ke gaya mini haka, kuma an ce ya mutu.

Ban san lokacin da na watsar da ƙwallo da takalmi ɗaya ba. Na faɗa unguwa ina ihu, "Fatalwar Usman!" Maza suka fito daga shaguna, mata suka leƙo. Sai da na tsaya na lura ba fuskata ake kallo ba, farin gajeren wandona ake kallo. Wani dattijo ya gyara tabarau ya ce, "Ya waladi, yarona, wannan duk zufa ce?"

Na so ƙasa ta tsage. Wasu suka fara ɗaukar sanduna za su je su duba, wani ya ce a kira 'yan sanda. Ana haka Inna Hauwa ta ratso mutane da kwano ɗaure a ƙyalle, yana ƙamshin miyar kuka. Ta damƙi hannuna ta raɗa mini, "Ɗana, tayyib, shi ke nan, fatalwa ka gani. Ka ƙara mata ƙaho, kada kowa ya taka wurin."

Na dubi kwanon, na dubi idonta da ya cika da ƙwalla. Fatalwa dai ba ta cin tuwo.

Nan take, da jiƙaƙƙen wandona, na ƙara ƙaho, na ƙara kofato, na ƙara idanu masu wuta. Sanduna suka koma gida ɗaya bayan ɗaya. Aka yi wasan ƙarshe muka rasa kofi, kowa ya ce ni na ja, tunda ƙwallo ba ta shiga ba. Aka laƙaba mini Abu Wando, kuma ba halin in wanke kaina. Ya yi mini ciwo ƙwarai.

Da ƙura ta lafa aka gane Usman ba shi da hannu a komai, ya fito daga kangon a rame. Ya miƙo mini takalmina ya ce, "Har yanzu gwiwar nan a buɗe take."

Kofi ya tafi, sunan ya zauna har jikokina sun sani, Usman kuma yana nan da ransa, muna shan shayi tare. Abin da na koya dai: in matacce ya yi maka magana, ka fara shinshina ko akwai ƙamshin miya kafin ka yi ihu. Kuma tun ranar ban sake sa farin wando ba.