Rarar Rigar Rumbu

"Wai shi ne ya wuce yanzu?"

"Shi ne mana. Direban nan, jikan tela ta sama."

"Haba dai! Ciwo ya yi?"

"Aiki aka yi masa. An ce likita ne ya rage masa tumbi."

"Tumbi kuma? Yanzu har mutum ake ragewa kamar wando?"

Maganar ta tagar maƙwabta ta taso, ta hau sama, ta shiga ɗakin ɗinkin da tsohuwar tela ke zaune. La'asar ce sakaliya. Rana ta ratso labule ta kwanta a kan keken ɗinki, burbushin zare na yawo cikin hasken kamar ba su da wurin zuwa. Idon tsohuwar ya yi rauni, amma kunnenta ko allura ta faɗi sai ta gaya maka lambarta. Duk mai hawa benen nan ta san shi tun daga taku. Watanni ta yi a wajen autarta tana taya ta reno, kwanan nan ta dawo, kuma tun safe take sauraren taku guda: na jikanta, wanda ta raɗa wa Rumbu tun yana rarrafe.

Ba ta ji takun ba. Sallama kawai ta ji a bakin ƙofa.

"Salamu alaikum, 'Yar Allura."

"Wa alaikumus salam. In talla ce, ba ma saye."

"Ni ne, angonki."

"Ƙarya kake. Angona in zai hau benen nan sai matakala ta yi salati. Numfashinsa ke riga shi sallama, ya tsaya a tsakiya ya yi kamar yana duba waya. Kai kuwa ka shigo mini kamar mage. Wa ya aiko ka?"

"Uwargida ce ta aiko ni da kaya a rage."

"Matso in taɓa."

Ya ajiye jakar, ya durƙusa a gabanta. Ta shafa fuskar, ta shafa kafaɗun, sannan ta zagaya hannuwanta ta bayansa kamar yadda take yi in za ta yi awo. Yatsunta suka haɗu. Rabon da yatsun nan su haɗu a bayansa tun yana ɗan firamare.

"La haula! Ina sauran?"

"Sauran me?"

"Sauran mijina! Ni cikakken miji na bari, na dawo na tarar da canji. Ka koma asibitin ka ce su ba ka ragowar, ko a leda ne."

"Ke da ko rabin nan kin fi ƙarfin riƙewa? Haƙori ɗaya ya rage miki, shi ma haya yake zaune."

"Haƙori ɗayan nan ya ga abin da talatin ɗinka ba su gani ba. Dube shi don Allah! Wuya ya fito. Ashe kana da wuya? Ni na zaci kan a kafaɗa aka dasa shi."

"Komai ramar giwa dai ta fi kwando goma."

"Wace giwa? In iska ta taso sai na sa maka duwatsu a aljihu, kada a tsinto ka a kan wayar lantarki."

Ya yi dariya, ya zauna a kujerar baƙi. Kujerar ba ta ce uffan ba. Dukansu biyu suka lura, suka bar ta.

"To gaya mini," in ji ta, "me ya kai ka? Kana zaune lafiya ka kwashi cikinka ka kai wa mai wuƙa. Ta waya aka ce mini wai ƙaramin aiki ne."

"Da an ce miki babba ne, da kin taho a ƙafa."

"Da na taho na karɓi aikin. Wa ya kai ni iya ragewa?"

Rumbu ya dubi hasken da ke kan keken. Muryarsa ta sauka.

"Ba lafiya nake zaune ba, Kaka. Wata rana da hantsi na tsaya a danja, mota cike da mutane. Na lumshe ido, wallahi na zaci ƙiftawa na yi. Sai na gan ni a bakin wani ruwa, ina kwance, babu abin da ke mini nauyi. Hon ɗin motocin baya ne ya dawo da ni. Wata mata mai goyo tana bubbuga mini kafaɗa tana cewa, 'Direba, lafiya?' Likita ya ce da dare numfashina yankewa yake yi, shi ya sa barci ke biyo ni wurin aiki. Ga suga, ga hawan jini, ga gwiwa."

"Ba ka gwada rage ci ba?"

"Ke ce shaida. Wace dabara ce ban gwada ba? In rage, tumbin ya dawo da 'yan rakiya."

"Wannan gaskiya ne. Ina ragewa ina farkewa, har zare ya san hanya."

"Amma ba ma motar ce ta sa na sa hannu a yi aikin ba. Kin tuna ranar da muka yi salla a ɗakin nan? Ke kina ƙasa, goshinki a darduma, ni ina kan kujerar nan."

"Na tuna. Na ce tsoho ya zo gaishe da yarinya."

"Kin faɗa, muka yi dariya. Na sauka na zauna a mota na daɗe ban tayar ba."

Tsohuwar ta juya kan keken da hannu, ya yi ƙara sau ɗaya ya tsaya.

"Yanzu fa?"

"Yanzu goshina na taɓa ƙasa. Ranar farko na daɗe ban ɗago ba, har uwargida ta zaci suma na yi. Ashe darduma tana da ƙanshi, Kaka. Na manta."

"Ƙanshin ƙafafunka ne, sakarai."

"Ke dai ba a yi miki maganar arziki."

"Maganar arziki a bakin rabin mutum? Ba ni labarin ci. An ce yanzu da cokalin jarirai kake yi."

"Da farko ma ruwa-ruwa ne kawai, kurɓi-kurɓi. Daga baya mai laushi. Yanzu ƙwai ɗaya da ɗan kifi, in tauna, in tauna, har uwargida ta gama ta wanke kwanonta ina nan. Ba na haɗa ci da sha. Ga ƙwayoyin ƙarin jini kullum, har abada in ji likita. In na yi gaggawa kuwa, cikin ya kore ni da kayana."

"Kai ɗin? Kai da in ka zauna gaban tukunya sai ta yi wasiyya?"

"Ni ɗin. Abin mamaki, ido bai san an yi aiki ba. Shi har yanzu na Rumbu ne. In zuba ya cika faranti, in ci loma kaɗan in zauna muna kallon juna."

"Allah Ya ƙara! Ramuwar tukwanena ce."

"Kuma sanyi nake ji. Ni da fanka ke roƙona hutu, yanzu da rigar sanyi nake tuƙi. Na matso da kujerar mota gaba, sitiyari ya daina gogar mini ciki, amma sai in ji kamar motar wani na ara. In zan shiga ƙofa har yanzu karkacewa nake yi, ga fili ko'ina. A mafarki kuwa ban taɓa ganina haka ba. Kullum wancan tsohon Rumbun ne. Yana tafe a gabana cikin wani dogon layi, a hankali, yana haki, ina biye da shi. Ba na son in wuce shi, tausayinsa nake ji. Wani lokaci ya waiwayo ya ce, 'Ka ajiye mini wurina.'"

Labule ya motsa. A ƙasa wani yana jan ƙofar shago. Tsohuwar ta miƙa hannu.

"Kawo kayan in gani."

Ya zaro riga ta farko, shuɗiya, wadda ta ɗinka masa da hannunta. Ta bi gefenta da yatsa, tana karanta tsofaffin ramukan allura. Tun yana yaro haka take yi masa: kowace riga sai ta bar rara a naɗe cikin ɗinkin gefe, in ya ƙaru ta farke ta saki. Wannan rigar an sake ta har rara ta ƙare, aka yi mata ƙari da wani ƙyalle.

"Sa ta."

Ya sa. Rigar ta zubo masa kamar labulen shago.

"Masu gida suna ciki kuwa? Salamu alaikum!" Ta ɗaga gefen rigar tana leƙawa. "A nan sai a ba da haya, mutum biyu da kayansu."

"Laifinki ne ai. Ke kika riƙa bar mini wuri, ni kuma ɗan halak, ba na son wuri ya tafi a banza."

"Tsaya cak, kada in haɗa da kai."

Ta tattaro yadin ta gefe, ta auna da taƙi, ta ja layi da alli, ta kafa allurai. Da ta gama ta laluba kan tebur ta ɗauko almakashi. Yana jin ƙarar buɗewarsa ya dafe gefen rigar.

"A'a, Kaka. Kada ki yanke. Naɗe shi za ki yi ta ciki, kamar yadda kika saba."

"In naɗe wannan duka? Ai sai ka riƙa yawo da katifa a haƙarƙari."

"Ba komai. A bar shi dai, ko da."

"Ko da me?"

Ya ce, "A wajen jiran likita na haɗu da wani. An yi masa irin nawa da daɗewa. Ya ce ya rame har ya raba kayansa, daga baya abin ya riƙa dawowa a hankali, ɗan wannan, ɗan wancan. Ya ce mini, 'Kada ka yar da manyan rigunanka.' Hali zanen dutse ne, Kaka. In na koma fa?"

"Oho! Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To tsaya in tambaye ka. Shi likitan da ya rage ka, naɗe ragowar ya yi ya ajiye maka a ciki, ko da?"

"A'a."

"Me ya yi?"

"Yankewa ya yi."

"Ka san shi? Ɗan gidanku ne? Ya taɓa goya ka?"

"Ban taɓa ganinsa ba sai a asibitin."

"To ka ji rashin kunya! Ka kwanta ka miƙa wa baƙo cikinka ya yanke, ni matarka ta fari ka hana ni gefen riga. Wannan ai sai mu je gaban manya."

"Shi ya yi karatun abin."

"Ni kuma wasa na yi shekarun nan? Saurara, Rumbu. Ban ce ba za ka ƙaru ba, ni ba Allah ba ce. In ka ƙaru, yadi bai ƙare a kasuwa ba, ni ma ban mutu ba, sai in ɗinka maka wata in zage ka in ƙara. Amma ba zan share ɗaki in shimfiɗa wa baƙon da ban gayyata ba tabarma. Kullum ka sa rigar nan, dunƙulen zai riƙa taɓa ka yana cewa ina nan. Wancan na mafarkin ya yi maka hidima, ya ɗauke ka shekara da shekaru. Ka yi masa godiya, ka ce ya sauka a nan, motar ta cika."

"Ke kika san aikin direba?"

"Na auri direba, ko da yake rabi aka dawo mini da shi."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa da ɗan ruwa a ido. Tsohuwar ta jawo aljihun keken, ta tona cikin maɓallai da guntayen zare, ta fito da wani ɗan kwanon silba wanda bai fi tafin hannu ba, gefensa a lotse. Allurai take zubawa a ciki. Ta juye su a kan tebur, ta goge shi da gefen zaninta.

"Ungo. Da shi na fara ba ka abinci. Kai ka lotsa shi ranar da na ce ya ƙare. Ka ba idonka wannan ya cika, ya ƙyale faranti."

Ya karɓa, ya juya shi a hannu. Hasken la'asar ya taru a cikinsa, ya ga fuskarsa ƙarama, da wuya da komai.

"Kin ci, 'Yar Allura."

"Da ma yaushe ka taɓa ci? Ban da abinci."

Ya cire rigar, ya shimfiɗa ta a kan tebur da kansa, ya gyara layin allin ya daidaita da bakin almakashi. Sannan ya koma kujerar, ya rungume ɗan kwanon, ya lumshe ido.

"Yanke, Kaka. Amma don Allah ki yi a hankali, ina so in ji ƙararsa."