Zaren Baban Jummala

Ke Yaya Ladidi, ashe har kin ji? To riƙe min Jummala in ba ki daga tushe.

Kin san tunda Zaki ya buɗe kamfani a Dajin Marke, mazanmu gizagizai ne ke saƙa masa manhaja, abin nan da ake ciniki da shi a waya. Ni dai a firamare na tsaya, abin da na gane kowa da zarensa. Wuni suke gaban kwamfuta, baya ya ƙage, ido ya yi ja. Kura ce manaja. Duk taro sai ta gyara gilashi ta ce, "'Yan uwa, nan gida ɗaya muke. Tsanin ci gaba na kowa ne." A tafa. Tsanin kuwa ba wanda ya san inda aka jingine shi.

Baban Jummala zarensa bai taɓa tsinkewa ba, shi ya sa Kura ko sunansa ba ta sani ba, "kai wane" take ce masa. Maƙwabcinmu Tanko kuwa saƙarsa kamar tsohon kwando. Ta ɓalle, ya ruga ya ɗaure yana haki, Zaki ya ce, "Ga gwarzo." Sai kuma Kura ta ce za a sallami waɗanda ba a jin ɗuriyarsu.

Na ce, "Maigida, kazar da ba ta kyarkyara wa ya san ta yi ƙwai? Sassauta zare ɗaya."

Ya ce, "Ki ji tsoron Allah."

Na ce, "Ina ji. Sallama ma ina jin tsoronta."

Ranar kasuwa ya sassauta. Daji ya tsaya cak. Giwa ta kasa sayen ko gishiri, Biri na buga waya da dutse. Sai da Zaki ya yi ruri sannan maigida ya ɗaure. Yau ga shi Babban Injiniya! An ba shi waya ta biyu, wadda ba a kashewa ko a masallaci. Albashi na nan yadda yake, amma ki ji suna. Har guɗa na yi, ni da ƙafa takwas, hankali ɗaya.

Sirri ne fa. Matan layinmu kawai na gaya wa, duk sun ce mazansu za su gwada kasuwa mai zuwa. Na tambayi maigida, in kowa ya sassauta rana ɗaya wa zai ɗaure? Ya dube ni, ya ajiye cokali.

Ki kai wa Inna albishir. Ki biya ki gaya wa matar Ɗanjuma dabarar, mijinta ya daɗe ba ƙarin girma.