Rasuwar Inna Saba, Mai Riƙe Layin Rigakafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya kuma, maman 'yan biyu, mai kula da shafin intanet na asibitin yara, tana sanar da rasuwar Inna Saba, tsohuwar kwamfutar da ke ɗauke da shafin rajistar rigakafi. Ta cika ranar Talata da hantsi a cikin kabad ɗin falo, tana da shekara tara.

Marigayiya mai haƙuri ce. Iyaye dubu kan buɗe shafin lokaci guda, ta riƙe kowa ba ta rikice ba. Ba ta tsayawa kan mutum ɗaya tana jiran ya gama lalube; wanda ya motsa shi take waiwaya, kamar uwa a ɗakin da yara ke barci. Wanda ya yi shiru minti biyu, sai ta sallame shi a hankali. Ba a taɓa jin komai daga bakinta ba sai "fuuu" na fanka.

Maman 'yan biyu ba za ta ɓoye ba, da hannunta a ciki. Wata uwa ce ta kawo kuka, wai ta ajiye waya ta shayar da jariri, ta dawo an katse ta. Tausayi ya kama maman, ta cire dokar minti biyun. A makon ne kuma 'yan biyu suka fara rarrafe, sai ta kulle Inna a kabad don kada su ja igiyar wuta, ta toshe ramin iska na bayan kabad ɗin da bargo.

Ranar rajista aka yi ta shiga, ba mai fita. Marigayiya ta rungume kowa, har waɗanda suka tafi kasuwa suka bar shafin a buɗe. Sau biyu ta yi "ƙir, ƙir". Maman tana canza wa ɗaya nafkin, ta ce bari ta gama. Ko da ta buɗe kabad, zafi ya daki fuskarta, koriyar fitila ta mutu.

Ta bar linzamin kwamfuta, da allon rubutu mai gogaggun haruffa, da jarirai ɗari huɗu da sunansu bai shiga ba. Tun ranar maman take bin littafin asibiti tana kiran iyayensu ɗaya bayan ɗaya. Saura sittin, kuma ba wanda zai rasa allurarsa.

Za a kai gawar shagon mai gyara ranar Asabar. Ana karɓar ta'aziyya a shafin, wanda yanzu ke hannun magajiyarta, can saman kantar falo inda iska ke kaɗawa. Kowa minti biyu ne, har da masu shayarwa. A yafe mata.